Ruwan Sirace a Bayan Rumbu

Kwana huɗu marka ta yi ba ta ɗauke ba a wani ƙauye da ke gabas da Ƙarfi, a daminar shekarar da sojoji suka shirya zaɓe don su miƙa mulki. Sai ran Laraba da yamma ruwan ya tsagaita. Gari ya yi luf, hayaƙin girki ya kasa tashi sama, ya bi ƙasa yana ratsa dangar kara a hankali, kwaɗi kuma suka cika fadama da kuka tun rana ba ta faɗi ba.

Aƙilu ya dawo daga gonar audugarsa da tankin feshi a baya, ƙafafunsa duk taɓo. Gidan nasu ba babba ba ne: ɗakin mahaifiyarsa Inna Kulu mai rufin ciyawa, sai ɗakin da ya rufa da kwano bara saboda aurensa, sai rumbun dawa a can kusurwa, wanda ya girme shi. A bakin madafa ya tarar da matarsa Hajo a durƙushe, ta lulluɓe kanta da zane a kan tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya, tana sirace. Watansu bakwai da aure, har yanzu in ya shigo gida ita yake fara nema da ido kafin ya ajiye kaya.

"Wace ce wannan a cikin zane?" ya ce a hankali, don kada Inna ta ji. "Ko an musanya mini mata ina gona?"

"Ita ce dai, Yaya," in ji Hajo daga ƙarƙashin zanen. Muryar ta fito a toshe. Ta yaye zanen, fuskarta jiƙe da gumi, ta ɗora yatsa a goshinta, ta gangaro da shi gefen hanci zuwa kuncin hagu. "Nan ne. In na sunkuya sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Har haƙoran sama sun kama."

Kwana goma sha ɗaya ke nan da mura ta kama ta. A makon farko ta yi kamar za ta sake ta, har ta koma daka da ɗiban ruwa, sai kuma ta dawo da nauyin da ya fi na da. Majinar ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa mai ratsin kore. In ta kwanta sai ta riƙa jin abu yana gangara mata a maƙogwaro, tari ya hana ta sakat. Shekaranjiya tuwo ya kama a tukunya tana zaune a gabansa, ba ta ji ƙauri ba sai da Inna ta yi magana daga ɗaki. Siracen nan kaɗai ke ɗan buɗe mata kai, shi ma na ɗan lokaci.

Ladan ya ɗaga murya. Hajo ta miƙe da sauri don kada magariba ta same ta da tukunya a tsakar gida, ta naɗe hannu da tsumma ta ɗauke ta. Tsakar gidan ya jiƙe ya yi santsi, sai ta nufi bayan rumbu, inda ba mai bi. Aƙilu yana kwance igiyar tanki ya ga tari ya sarƙe ta a daidai wurin, ya ga ta karkata tukunyar ta watsar. Ruwan ya yi ƙara a kan duwatsun gindin rumbu, tururi ya tashi fari a cikin duhun da ya fara sauka.

Kwaɗin fadama suka yi shiru, dukansu, lokaci guda.

Inna Kulu tana tsaye a ƙofar ɗakinta da buta a hannu. Ta dubi tururin.

"Ke yarinyar nan. Ruwan zafi ne?"

"E, Inna."

"Da magariba. A bayan rumbu." Ta ajiye butar. "Kin yi bisimilla?"

Hajo ta girgiza kai. Tarin ne ya zo mata a inda bisimillar za ta zo, kuma ba ta iya ƙarya ba.

Ba su gama tsayuwar ba dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakinsu. Ya gangara a hankali, ana jin tafiyarsa tun daga tsakiyar rufi har baki, amma ba a ji faɗuwarsa a ƙasa ba. Aƙilu ya fita da gudu ya zagaya gidan. Bayan danga gonar masara ce, ƙasa a jiƙe luɓus, ko kaza ce ta taka da an ga sawu. Bai ga sawun kowa ba.

Washegari da magariba duwatsu uku suka faɗo. Ran Juma'a bakwai. Ba su taɓa sauka a kan ɗakin Inna ba, ba sa zuwa da rana, ba sa wuce kiran isha. Sai daidai lokacin nan da ba a iya gane fuskar mutum daga nesa. Maƙwabta suka fara shigar da 'ya'yansu ɗaka tun la'asar sakaliya. Mai nonon da ke tsayawa a ƙofarsu kullum ta koma bi ta ɗaya layin.

Abin da ya fi tsorata Inna shi ne salla. Ran Juma'a da la'asar Hajo ta tsaya a kan tabarma, ta yi karatu lafiya, ta yi ruku'u da ƙyar, amma da goshinta ya nufi ƙasa sai ta saki wata ƙara, ta dafe fuska, ta faɗi a gefe. Ta sake gwadawa, haka. Inna ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Ya hana ta sujada," ta ce. "Auta, ka gani da idonka. Abin da ke jikinta ba ya son goshi ya taɓa ƙasa."

"Inna, ai tun kafin Laraba take cewa in ta sunkuya..."

"Tun kafin Laraba tana ihu a salla?"

Gaskiya ce, ba ta yi.

Daga ranar Inna ta hana sirace a gidan. Ta ce shi ya jawo, ba za a sake ɗora shi ba. A madadinsa ta kawo kasko da garwashi, ta zuba tazargade da habbatussauda da ɓawon tafarnuwa, wani lokaci har da barkono kaɗan, ta rufe ƙofa da taga, ta lulluɓe Hajo da bargo a kai safe da yamma. Aƙilu yana tsaye a waje yana jin matarsa tana tari kamar ƙirjinta zai tsage, tana roƙo a buɗe. In an buɗe sai a same ta idanu jajir, hanci a rufe ruf, ba ta numfashi sai ta baki. Inna ta ce haka ake so, ai abin da ke jikinta ne yake jin jiki. Ba mugunta ba ce. Da hannunta take dama wa Hajo kunu, ita ke wanke mata zane, kuma Aƙilu ya sha ganinta a bayan ɗaki tana share hawaye da gefen mayafi.

Ran Asabar zazzaɓi ya rufe Hajo. Ta fara cewa tana jin wari, warin abu ruɓaɓɓe, a ɗaki, a ruwa, a cikin abinci, alhali ta kwana biyu ba ta jin ƙamshin komai. Aka ɗaga gado aka duba ko ɓera ne ya mutu, ba a ga komai ba. Da Aƙilu ya sunkuya zai gyara mata matashi sai ya ji warin da kansa, daga numfashinta yake fitowa. Bai gaya wa kowa ba.

Ran Lahadi da safe idonta na hagu ya kumbura. Fatar ta yi ja tana sheƙi, ta yi zafi kamar gefen murhu, idon ya koma ɗan tsagi. Ya zauna a bakin gado yana shafa mata ruwan sanyi da tsumma. Ta ɗaga fatar da ƙyar ta dube shi, sai ta ƙanƙame hannunsa.

"Yaya, wane ne a gefenka?"

"Ba kowa. Ni kaɗai ne."

"Ku biyu ne. Rigarku iri ɗaya. In ka motsa sai ya motsa."

Bai waiwaya ba. Ya ci gaba da matse tsumma a ƙwarya, sannan ya fita ya sami Inna ya durƙusa.

"Zan kai ta asibiti Malumfashi."

"Su yi mata allura ke nan." Inna ta girgiza kai. "Allura ba ta haɗuwa da iska. Ƙanwata Rabi'atu haka aka yi mata. Muna cewa mutanen ɓoye ne, mijinta ya ɗora ta a jaki ya kai ta aka soka mata ƙarfe. Ba ta kai la'asar ba. Ni na yi mata wanka. In ka fita da yarinyar nan da abin nan a jikinta, gawa za ka dawo da ita, kuma kai za ka tsaya gaban iyayenta."

"Idon fa, Inna? Jiya ba haka yake ba."

"To ka nemo wanda zai fitar da shi tukuna."

Ya ɗauki keke ya nufi Gozaki, wurin Malam Maiwada, wanda ake kai wa irin wannan lamari daga ƙauyuka da yawa. Ruwa ya cinye hanya, wani wuri keke ya ɗauke shi, wani wuri shi ya ɗauki keke. Duk tafiyar idon nan yake gani a gabansa, yana ta lissafin ko zai dawo ya tarar da ɗan tsagin ma ya rufe.

Bayan la'asar suka iso gida tare da malamin. Malam Maiwada dattijo ne siriri mai gajeren gemu, ba ya ɗaga murya, bai riƙo komai ba sai tasbaha. Da ya sa ƙafa a ɗakin sai ya tsaya, ya yi tari.

"A fitar da kaskon nan. A buɗe taga."

"Malam, ai shi ne ke riƙe da iskar," in ji Inna.

"A fitar dai, baiwar Allah."

Ya zauna a kan buzu nesa kaɗan da gado, bai fara karatu ba. Ya yi ta tambayar Aƙilu: yaushe murar ta fara, ta taɓa sauƙi ta dawo, wane gefen fuska ne. Har tsumman da take fyace hanci ya ce a nuna masa, ya kai shi bakin taga ya duba. Inna ta kasa haƙuri.

"Malam, ba don mura muka taso ka daga Gozaki ba."

"Na sani," ya ce. Ya tashi ya fita bayan rumbu shi kaɗai. Aƙilu ya hango shi ta taga ya tsaya gaban duwatsun, ya yi sallama kamar mai shiga gidan mutane, ya daɗe yana jira.

Da ya dawo rana ta yi ja. Ya zauna ya fara karatu a hankali, murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Haske ya riƙa janyewa daga bango. Kaji suka shiga akurki ba tare da an kore su ba. Sai dutse na farko ya sauka a kan kwano, na biyu ya biyo, daga nan suka ɓarke kamar ƙanƙara, har Aƙilu ya daina jin karatun sai dai ya ga leɓen Malam yana motsi. Can sai suka tsaya cak. Ɗaya ya faɗo a tsakiyar ɗakin, a gaban buzun Malam, jiƙe da taɓo. Aƙilu ya ɗaga kai. Babu huda a rufin.

Hajo, wadda tun safe ba ta iya ɗaga kai, ta tashi zaune a miƙe. Ta harɗe ƙafafu yadda ba ta taɓa zama ba a gaban surukarta.

"Ya isa haka, Maiwada."

Muryar tsohuwa ce, busasshiya, kamar ana jan kara a ƙasa. Kuma tun da ya shigo gidan ba wanda ya ambaci sunansa.

"Da wa nake magana?" in ji Malam.

"Da wadda ta riga ku zama. Ina wurin nan tun yana daji. Kakan yaron nan ya kafa rumbu a kaina, ban ce komai ba. Ran Laraba ina shayar da ɗana aka watso mana wuta."

"Ba ta gan ku ba."

"Ta ambaci Allah mu kauce?"

"Ba ta ambata ba. Nan kam an yi muku laifi, ina ba ku haƙuri a madadinta. Me kike so?"

"Idon ɗana ya tsiyaye. Zan tafi da nata. Na riga na fara, kana gani. Ku bar mini shi in fita yau. In kun ƙi, in tafi da kan gaba ɗaya."

Inna ta zube a ƙasa tana kuka. "Malam, in dai za ta rayu, a bar mata..."

"A'a," in ji Aƙilu. Bai taɓa katse mahaifiyarsa ba tun da aka haife shi. Maganar ta fito ne kawai.

Malam ya ɗaga masa hannu, bai ɗauke ido daga gadon ba.

"Kin ce ke kika sa mata kumburin nan."

"Ni."

"Nauyin goshin ma?"

"Ni."

"Haƙoran fa? Da warin?"

"Duka ni."

"Yaushe kika shige ta?"

"Na faɗa maka. Laraba da magariba."

"To ruwan da ya ƙona ku, na mene ne?"

Malam ya juya kaɗan. "Aƙilu, na mene ne?"

"Na sirace ne, Malam."

"Me ya sa take sirace?"

"Goshinta ne, da kuncinta, da haƙora. Sun kwana huɗu suna damunta kafin Larabar. Murar kuwa a lokacin ta kai kwana goma sha ɗaya."

"To kin ji," in ji Malam. "Ciwon ya riga ki shiga. Shi ne ma ya ɗora tukunyar da ta ƙona ku. Yaro, matso. Sa babban yatsanka a ƙasan idon nan, gefen hanci. Danna kaɗan."

Aƙilu ya matso. Fuskar matarsa ce, amma abin da ke dubansa ta lafiyayyen idon bai san shi ba. Ya kai hannu, ya ji zafin fatar tun kafin ya taɓa, ya rufe ido ya danna.

Kukan da ya fito ba na Hajo ba ne. Tsohuwar ce ta yi shi, dogo, mai kaushi, har kwanon rufi ya amsa.

"In aikinki ne," in ji Malam, "me ya sa ke kike kuka?"

"Ya cire hannun." Numfashi ya yi ta fita da ƙyar ta baki. Da muryar ta dawo ta yi ƙasa, ta gaji. "Na tarar da shi. Da fushi na shiga, ban duba ba. Kwana huɗu ina cikin kan nan ban runtsa ba. Ruwa ya taru a bayan ƙashi, ba shi da hanya, yana ruɓewa yana hawa. Ga tsohuwar nan kullum tana ƙara mana hayaƙi, ƙofa tana daɗa rufewa. Jifa nawa ne. Ciwon ba nawa ba ne."

"Ƙara faɗa, uwar gidan ta ji."

"Ba nawa ba ne."

"In aka yi mata allura fa?"

"In na fita, me ya haɗa ni da allurarku?"

Inna ta daina kuka. Ta ɗago kai tana duban gadon, baki a buɗe.

"To ido ba naki ba ne balle ki tafi da shi," in ji Malam. "Faɗi abin da zai yiwu."

"Baƙar akuya. A yanka a gindin rumbu."

"Ba za a zubar da jini a gidan nan don wanin Allah ba. Faɗi wani."

Duhu ya cika ɗakin har Aƙilu ba ya ganin komai sai farin tasbahar Malam.

"A bar mana bayan rumbu. Ba ruwan zafi, ba toka, ba shara."

"An bar muku," in ji Inna da sauri. "Wallahi an bar muku."

"Ni kuma zan yi tofi a ruwan sanyi in zuba a wurin," in ji Malam. "Allah Ya ba ɗanki lafiya. Fita."

"Ta ina? Hanyar a toshe take."

Malam ya juya wajen Inna. "Baiwar Allah, ɗora ruwa. Ki sa ganyen darbejiya."

Inna ta dubi ƙofa, ta dubi duhun tsakar gida. Ta miƙe da ƙyar, tana bisimilla a kowane taku, ta hura wuta, ta kawo tukunyar tana tururi. Ita ta lulluɓa wa Hajo zane, Aƙilu ya riƙe kafaɗunta, Malam ya ci gaba da karatu. Jikin ya yi ta karkarwa a hannunsa. Can sai atishawa ta zo, ɗaya, biyu, ta ukun ta girgiza gadon. Da aka yaye zanen, wani abu mai kauri, kore da jini, ya zubo daga hancin hagu, warinsa ya cika ɗakin. Jikin ya saki. Ta faɗo a ƙirjinsa, a gaban mahaifiyarsa, shi kuma bai janye ba.

"Yaya," ta ce da muryarta, ƙarama. "Kaina."

A fadama kwaɗo ɗaya ya yi kuka, sauran suka ɗauka.

Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala, tana cewa a kawo fitila, a dama kunu, ta warke. Malam bai miƙe ba.

"Baƙuwa ta tafi," ya ce. "Abin da zai kashe yarinyar yana nan."

Sai ya ci gaba da magana.

"Kafin in zauna karatu na yi shekara bakwai ina aikin gurzar auduga a Funtua. Da yawanmu mun yi ciwon nan, ni ma na yi. Akwai kogo a cikin ƙashin fuska, nan da nan. In mura ta wuce kwana goma, ko ta yi sauƙi ta dawo da ƙarfi, majina ta yi kore, fuska ta yi nauyi in an sunkuya, to ruwa ne ya kwanta a kogon. Wani sirace da haƙuri sun ishe shi. Amma in ya kai ido ya kumbura, mutum ya fara ganin abu biyu, ya wuce ni, ya wuce ganye. Akwai abokina Sada, mun tsaya muna yi masa hayaƙi kamar yadda kuka yi. Ran Litinin idon ya rufe, ran Alhamis muka kai shi makwanci." Ya dubi Inna. "Kin ji da kunnenki, babu iska a jikinta yanzu. Me ya rage?"

Inna ta kwance mayafinta ta naɗe Hajo da shi. "Auta, cire ƙyauren ɗakina. A kansa za mu ɗauke ta."

Maza huɗu suka ɗauke ta a kan ƙyaure har bakin titi, suna zamewa a taɓo, Inna tana biye da fitila. Wata akori-kura mai ɗauke da buhunan masara ta tsaya musu. A asibiti wata ma'aikaciya mai suna Dorkas ta haska fuskar Hajo sau ɗaya, ba ta tambayi komai ba, ta ruga kiran likita. Da aka zo da allurar farko Inna ta juya ta fuskanci bango, tana ta motsa baki. Aka soka, aka zare. Hajo ta ci gaba da numfashi. Sai a lokacin tsohuwar ta zauna a ƙasa.

Likita ya ce ran zai tsira in Allah Ya so, don sun zo da sauran lokaci, ko da yake kaɗan ne. Ido kuwa bai yi alkawari ba. Ya ce sai kumburin ya sauka a ga abin da ya bari.

Kwana biyar ana yi mata allura safe da yamma. Zazzaɓin ya sauka a rana ta uku. Aƙilu bai koma ƙauye ba, bai tambayi gonar auduga ba, a barandar ɗakin mata yake yini, in an buɗe ƙofa ya miƙe, in an rufe ya zauna. Ran Juma'a da hantsi Dorkas ta zo da ƙwaryar ruwan ɗumi da auduga, ta wanke fatar idon a hankali har ta rabu. Sannan ta sa tafin hannunta ta rufe lafiyayyen idon.

"To, amarya. Buɗe wannan. Gaya mini me kike gani."

Fatar ta motsa, ta ɗaga rabi. Idon ja ne, yana ta ruwa. Hajo ta juya shi wajen taga, ta juya shi wajen bango. Inna ta damƙe ƙarfen gado. Aƙilu yana bakin ƙofa, inda aka yarda maza su tsaya.

"Kina ganin haske?" in ji Dorkas.

"Ina gani." Idon ya tsaya wuri ɗaya. Gefen bakinta ya motsa. "Akwai wani mutum a bakin ƙofa. Ya sa rigarsa a baibai. Kuka yake yi, ya ɗauka ba a ganinsa."

Dorkas ta waiwaya, Inna ma ta waiwaya. Aƙilu ya sunkuya ya dubi rigar, ga ɗinkin a waje, ga aljihu a ciki. Tun ran Lahadi haka take a jikinsa, ba wanda ya lura sai idon nan.